Yadda ake yanka wa tsohon gidan jeri farashi a Filadelfiya, da zaɓen dillalin da zai sayar da shi

Wanda ya sauka birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka karon farko, abin da zai fara cika masa ido shi ne layukan gidajen jan bulo, kafaɗa da kafaɗa, daga wannan kwana zuwa waccan babu ko tsagin da akuya za ta ratsa. Bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabcin dama, ɗaya tsakaninka da na hagu. Ƙofa na kallon titi, matattakala uku ko huɗu, tagogi biyu a kowane hawa, sai ɗan fili a baya. Su nake kira gidajen jeri. A lungun Elfreth's Alley akwai waɗanda aka gina tun shekarun 1720, kuma har yau mutane na kwana a cikinsu. Waɗanda mutanenmu suka fi mallaka, a yamma da kudu maso yammacin birnin, ba su kai wannan tsufa ba, amma da yawansu sun ba shekara 100 baya.

Na zauna rubuta wannan ne saboda wani dattijo da na raka ya sayar da nasa, lokacin da ya yanke shawarar komawa gida ya huta. Ranar da muka fara maganar, ya riga ya ajiye farashi a ransa. Na ce, "Baba, daga ina wannan adadi ya fito?" Ya ce, "Ɗana, gidan nan tun kafin yaƙin duniya yake tsaye. Ka dubi bulon, yanzu wa ke irin wannan gini?" Gaskiya ya faɗa game da ginin. Amma tsufa shi kaɗai ba ya ƙara ko dala ɗaya. Mai saye yana biyan kuɗin unguwa, da faɗin gida, da lafiyar abubuwan da ido ba ya gani, da tsabtar takardu. Bankin da zai ba shi rance ya fi shi tsauri a kan waɗannan. Don haka daga takardu za mu fara.

Mataki na farko: sunan wa ke kan takardar gida?

Shiga shafin birnin mai suna Atlas, ka rubuta adireshinka. Zai nuna maka sunan da hukuma ta sani a matsayin mai gida, takardun mallaka da aka yi wa rajista, izinin gyare-gyaren da aka taɓa karɓa, da duk wani laifin gini da aka rubuta wa gidan. Kyauta ne, kuma duk dillali ko mai saye da ya san abin da yake yi zai duba kafin ya ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Idan gidan gado ne, nan ne wurin tsayawa. Sau da yawa mahaifi kan rasu, 'ya'ya su ci gaba da zama, suna biyan haraji da wuta da ruwa, sunan marigayin kuwa na nan a takarda. A 2021 cibiyar bincike ta Pew ta ƙirga gidaje sama da 10,000 a birnin da ke cikin irin wannan sarƙaƙiya. Irin wannan gida ba ya sayuwa sai an je ofishin rajistar wasiyya da ke ginin majalisar birni an buɗe fayil ɗin gado, an naɗa wanda zai sa hannu a madadin magada. Jihar Pensilbaniya kuma tana karɓar harajin gado: kashi 4.5 cikin 100 idan 'ya'ya ko jikoki ko iyaye ne suka gada, 12 idan 'yan'uwa ne na jini ɗaya, 15 ga sauran mutane, mata ko miji kuwa ba sa biyan komai. Rabon da iyali suka yi a tsakaninsu bisa shari'a, da shaidu da malami, yana da darajarsa a wurinmu, amma kamfanin da ke tantance mallaka takardar kotu yake nema. Ku nemi lauya tun da wuri, domin wannan aiki kan ci watanni.

Sai maganar tarihi, wadda mutane da yawa ke rikitawa. Rajista biyu ce. Akwai ta ƙasa baki ɗaya, wadda dokar 1966 ta kafa. Ita girmamawa ce, ba ta hana mai gida yin abin da ya ga dama da kuɗinsa. Akwai kuma ta birnin, wadda Hukumar Tarihi ta Filadelfiya, da aka kafa a 1955, ke riƙe da ita. Wannan tana da haƙora. Idan gidanka na cikinta, ko yana cikin gundumar tarihi irin su Society Hill ko Rittenhouse-Fitler, ba ka canja taga ko ƙofa ko fuskar gida sai da amincewar hukumar. Cikin gida yawanci ba ruwansu da shi. Ka tabbatar a wace kake, domin mai saye zai tambaya. Idan wani ya taɓa cire tagogin katako ya sa na roba ba da izini ba, matsalar tana bin gidan, kuma za ta fito a ciniki.

Birnin yana kuma buƙatar mai sayarwa ya karɓi takardar shaida daga sashen lasisi da duba gine-gine, wadda ke nuna amfanin da doka ta yarda a yi da gidan da laifuffukan da ba a gyara ba. Wanda ya raba gidan iyali ɗaya zuwa sassa biyu yana karɓar haya ba tare da izini ba, a nan asiri ke tonuwa. Kada ka yanka farashin gida mai sassa biyu alhali takarda ta ce na iyali ɗaya ne.

Mataki na biyu: zagaya gidan da idon wanda zai biya

Fita waje ka tsallaka titi, ka tsaya a gefe ka kalli fuskar gidan ta kaikaice. Bangon gaba a miƙe yake, ko ya yi ciki? A gidajen jeri, katakon da ke ɗauke da bene yana kwance ne daga bangon maƙwabcin dama zuwa na hagu, don haka bangon gaba ba shi da abin da ya riƙe shi sosai, kuma da shekaru yakan fara turowa waje. Taurarin ƙarfen nan da kake gani a manne a fuskar wasu gidaje, mutane na ɗauka ado ne, alhali kan sandunan ƙarfe ne da aka ɗaure bangon da su zuwa katakon ciki. Idan bangonka ya turo, kira injiniyan gini ya rubuta maka rahoto. Mai saye da ya ga ciki a bango babu takarda zai ƙiyasta gyaran da mafi munin zato.

Matso kusa ka shafa tsakanin bulo. Tsohon bulo mai laushi ne, da kwaɓin farar ƙasa aka ɗora shi. Idan wani birkila ya zo daga baya ya cike ramukan da siminti mai tauri, danshi ba ya samun hanyar fita sai ta cikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. A gidan Baba mun tarar da garin bulo ja a gindin bango kamar an zubar da barkono. Shi a ganinsa an yi masa gyara mai kyau shekarun baya.

Hau rufi, ko ka aika wanda zai hau ya ɗauko hoto. Rufin waɗannan gidaje shimfiɗaɗɗe ne, ruwa na gangarawa baya zuwa indararo ɗaya. Duba inda rufin ya haɗu da na maƙwabta da gindin bututun hayaƙi, nan yoyo ke farawa. Daga nan ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da tocila. Hanci zai fara gaya maka labari kafin ido. Duba kan katakon bene inda ya shiga bango, ka soka masa sukudireba. Idan ta nutse, ko ruɓa ce ko gara. Ɗaga kai ka duba wayarin. Idan ka ga tsofaffin wayoyi masu rigar zane suna bi ta kan 'yan dunƙulen farin tangaran, wannan wayarin zamanin da ne, kuma kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda su rufe gida mai irinsa. Babu inshora, babu rancen banki, ka ga masu saye sun ragu ke nan tun kafin a fara.

Bututun ƙazanta da ya tashi daga gidanka zuwa babban na titi, a Filadelfiya nauyin mai gida ne. Masu aikin famfo suna zura kyamara su nuna maka cikinsa. Idan lafiyarsa lau, ajiye bidiyon, hujja ce a hannunka.

Fenti ma yana da doka. Duk gidan da aka gina kafin 1978, dokar tarayya ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani game da fentin dalma, ya ba mai saye ɗan littafin gargaɗi na hukuma, ya kuma ba shi damar kwana 10 ya gwada. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Gida mai ƙananan yara ne zai iya shigowa bayanka.

Jihar tana da fom na bayyana aibi wanda mai sayarwa ke cikewa da hannunsa. Rubuta duk abin da ka sani. Addini ya hana ɓoye aibin haja, dokar jihar ma ta ba mai saye damar kai ka kotu bayan an gama ciniki.

Shawarata ita ce ka biya mai duba gida ya yi maka cikakken bincike kafin ka sa gidan a kasuwa. 'Yan ɗaruruwan daloli ne. Daga rahotonsa za ka raba aiki gida biyu. Abin da zai hana banki ba da rance ko inshora ta rufe, kamar yoyo, wayarin mai haɗari da fenti mai ɓarewa, gyara shi. Sabon kicin da tayil na zamani kuwa, bar wa mai saye, kuɗinsu ba ya dawowa cikakke. Kada kuma ka tuge kayan asali. Ƙofofin katako masu nauyi, dandamalin katako na asali, hannun matattakala, adon filasta na silin, su ne ainihin abin da mai son tsohon gida yake ƙara kuɗi a kansa. A wanke su, a goge, a bar su.

Mataki na uku: kwatance, inda farashi ke fitowa

Adadi uku za su zo maka da sauƙi, kuma babu wanda za ka jingina da shi. Na farko ƙimar da ofishin harajin birni ya sa wa gidan. Don haraji aka yi ta, ba wanda ya shiga ɗakinka ya duba. Na biyu ƙiyasin shafuka irin su Zillow da Redfin; kwamfuta ce ke lissafi, ba ta san rufinka na yoyo ba, ba ta kuma san ka sake wayarin ba. Na uku abin da maƙwabci ya sa wa nasa gidan da ke kasuwa yanzu. Wannan buri ne, ba a sallama ba tukuna.

Abin nema shi ne gidajen da aka riga aka sayar, kuɗi suka canja hannu, cikin watanni 3 zuwa 6 da suka wuce, kusa da kai sosai. A unguwannin jeri, tsallaka babban titi ɗaya kan sauya farashi da dubban daloli, saboda makarantar da yaran layin ke zuwa, ko layin dogo, ko yawan kangaye. Fara da layinka, sannan layuka biyu ko uku na kewaye. Nemi aƙalla uku, domin mai ƙiyasin da banki zai turo ma uku ne mafi ƙarancin abin da zai kafa hujja da su.

Ga abubuwan da ke raba gidan jeri da ɗan'uwansa ko da fuskarsu iri ɗaya ce. Faɗi ne kan gaba. Tsakanin gida mai ƙafa 14 da mai ƙafa 16 ƙafa biyu ce a takarda, amma ita ke yanke hukuncin ko gado da kabad za su zauna a ɗaki ɗaya. Sai yawan hawa, da yawan banɗaki, da ko gidan na kan kwanar titi ne mai tagogi a gefe, da wurin ajiye mota a baya, wanda a tsakiyar birni kuɗi ne masu yawa. Akwai 'yan ƙananan gidajen da ake kira tiriniti, hawa uku, kowane hawa ɗaki ɗaya, da matattakala mai murɗewa. Su da junansu kawai ake kwatanta su. Duba maƙwabta ma. Kango a jikin bangonka, ko fili da aka rushe aka bar bangon haɗi a buɗe, yana rage daraja komai kyan cikin gidanka.

Wajen girma, ka sani masu ƙiyasin banki ba sa haɗa ɗakin ƙarƙashin ƙasa cikin murabba'in ƙafar wurin zama, ko da ka shimfiɗa masa kafet ka sa talabijin. Suna ba shi daraja daban, ƙasa da ta sama.

Bari mu yi misali da adadin da na ƙirƙira don a ga hanyar. A ce gidanka mai faɗin ƙafa 16 ne, hawa uku, banɗaki ɗaya da rabi, tsohon kicin mai tsabta, rufi ya kusa gajiya. Gida na farko, a layinka, girma ɗaya, sabon rufi da sabon kicin, an sayar dala 410,000. Cire abin da waɗannan biyun suka ƙara masa, a ce 25,000, ya koma 385,000. Na biyu mai ƙafa 14 ne, yanayinsa kamar naka, an sayar 365,000. Naka ya fi shi faɗi, ka ƙara 20,000, ya zama 385,000. Na uku gidan kan kwanar titi ne mai wurin mota, an sayar 440,000. Cire 45,000 na kwana da mota, saura 395,000. Ka ga kasuwa tana cewa tsakanin 385,000 da 395,000. Ƙa'idar ita ce gidan kwatancen ake yi wa ragi ko ƙari, har ya yi kama da naka. Adadin ragin kuwa daga takardun ƙiyasin 'yan kwangila da sauran cinikayyar unguwa za ka samo shi.

Idan gidan na da wani abu da ba a saba gani ba, ko magada sun kasa daidaitawa, ku ɗauki mai ƙiyasi mai lasisi ku biya shi da kanku. Ba ya cin la'ada, don haka ba shi da dalilin faranta wa kowa rai.

Sannan ka lura da yadda mutane ke bincike a waya. Suna sa iyaka ne a dunƙulallen adadi. Gidan da aka sa 405,000 ba zai fito wa wanda ya tsaya a 400,000 ba, alhali shi ne mai sayenka.

Al'adar kasuwarmu ta a faɗi sama don a taya a rage ba ta aiki a nan. A shafin sayarwa kowa na ganin kwana nawa gida ya yi da sau nawa aka rage masa kuɗi. Makonni biyun farko ne idanu suka fi yawa. Idan suka wuce saboda tsada, gidan ya yi kwantai, sai masu neman banza su fara zagayawa suna tambayar me ke damunsa. Ko an samu wanda ya yarda da farashin sama, idan ƙiyasin banki ya zo ƙasa, banki a kan ƙiyasinsa zai ba da rance, ka dawo teburin ciniki bayan ka ɓata wata guda.

Mataki na huɗu gajere ne: lissafa abin da zai shiga aljihu

Tun daga Yulin 2025 harajin sauya mallaka a Filadelfiya kashi 4.578 ne cikin 100, na birni da na jiha a haɗe, kuma bisa al'ada mai saye da mai sayarwa ke raba shi biyu. A kan 385,000 rabonka kusan 8,800. A ce la'adar dillalai biyu ta kama kashi 5, wato 19,250, ka kuma yarda ka taimaka wa mai saye da 5,000 na kuɗin rufe ciniki, ga ragowar bashin banki 140,000. Abin da ya rage kusan 212,000, kafin ƙananan kuɗaɗen takardu da bashin ruwa ko gas idan akwai.

Idan ka zauna a gidan shekara 2 cikin 5 na ƙarshe, ribar da ta kai 250,000, ko 500,000 ga ma'aurata masu cike haraji tare, ba ta da harajin tarayya. Wanda kuma dokar haraji ke ɗauka baƙo ne mazaunin waje, ana riƙe kashi 15 na dukan farashin a miƙa wa hukumar haraji, sai daga baya ya nemi rarar. Yakan sauka zuwa kashi 10 idan mai saye zama zai yi a ciki kuma kuɗin bai wuce miliyan ɗaya ba. Mai shirin komawa Kano ko Yamai ko Kumasi ya ga akanta kafin ya yanki tikiti, domin lokacin sayarwa yana sauya lissafin.

Mataki na biyar: dillali

A gida mun saba gida ɗaya ya shiga hannun dillalai biyar, kowa da nasa farashin, ranar biya kowa ya fito da hannu. A nan dillali ɗaya kake ba wa amana a rubuce, shi ya sa gidan a rumbun bayanan dillalai na yankin, Bright MLS, daga nan ya bazu zuwa sauran shafuka. Tun da ɗaya ne, zaɓensa ba abin gaggawa ba ne.

Kira uku, kowa da ranarsa. Kafin su zo, duba sunansu a shafin lasisi na jihar, PALS, ka ga lasisin na raye kuma ba a taɓa hukunta su ba. A zaman farko doka ta ce su miƙa maka takardar sanarwa da ke bayyana wanda suke wakilta. Wanda bai kawo ta ba, ka fara sa masa alamar tambaya.

Kada ka faɗi farashin da ke ranka. Bar kowa ya kawo nasa da gidajen da ya kafa hujja da su, kai kuma ga naka lissafin a aljihu. Dillalai uku muka kira wa Baba. Biyu sun faɗi adadi kusa da juna, na ukun ya ɗara su da dubu hamsin, yana ta yabon gidan tun daga ƙofa. Baba ya kalle ni ya ce, "Ka ji wanda ya san darajar abu." Na ce, "Baba, a tambaye shi gidajen da ya kwatanta." Da ya fito da su, biyu suna hayin babban titi a wata unguwa, ɗaya kuma an sake shi fil daga sama har ƙasa. Wannan dabara sananniya ce: a yi maka romon baka ka sa hannu, bayan wata ɗaya a dawo a ce kasuwa ta yi sanyi, a rage. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a sake kiran matar nan ta farko, wadda ta nemi tocila ta sauka ƙasa kafin ta ce komai.

Abin lura ke nan. Dillalin tsofaffin gidaje yana tambayar shekarun rufi da tukunyar ɗumama gida, yana gane tsohon wayarin da ido, ya san abin da Hukumar Tarihi ke yarda da shi, yana da lambar injiniya da birkilan da ya iya kwaɓin farar ƙasa. Ka ce ya ba ka jerin gidajen jeri da ya sayar a kewayenka cikin shekara biyu, da farashin da aka fara sa musu, da wanda aka sallama, da kwanakin da suka yi. Farashin farko nake nufi, kafin a yi ragi. Tambaye shi wa zai riƙa buɗe wa masu dubawa ƙofa, shi ko yaransa. Dubi hotunan gidajen da ya tallata: gidan jeri dogo ne siriri, tsakiyarsa duhu, sai mai hoto gwani da zanen tsarin ɗakuna ke fitar da shi. Ka karɓi lambar mutum biyu da ya yi wa aiki, ka kira su.

Ɗan gari ko ɗan masallacinku da ke da lasisi yana da daɗin sha'ani, harshe ɗaya, kunya ɗaya. A sa shi cikin ukun, a yi masa tambayoyin da aka yi wa saura. Idan duk aikinsa a bayan gari yake cikin sababbin gidaje, zumunci ba zai koya masa bangon haɗi ba.

Katunan nan da saƙonnin waya masu cewa suna sayen gida kuɗi hannu, a kowane hali yake, yawancinsu masu kamawa ne da araha su miƙa wa wani su ci tsakani. Dattawa da magada suka fi hari, har birnin ya kafa musu dokar lasisi a 2020. Kada ka sa musu hannu a komai kafin ka san lissafinka.

Yarjejeniyar da za ka sa wa hannu

La'ada ba doka ce ta yanka ta ba, ciniki ake yi. An daɗe ana biyan kashi 5 zuwa 6 a raba wa dillalai biyu. Bayan sulhun dala miliyan 418 da ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta yi a 2024, tun daga 17 ga Agustan shekarar ba a rubuta tayin la'adar dillalin mai saye a rumbun bayanai, kuma mai saye yana ƙulla tasa yarjejeniyar da nasa dillalin. Don haka ka raba maganar biyu: nawa za ka biya naka, sannan ko za ka taimaka da na ɗaya ɓangaren. Masu saye da yawa za su roƙi hakan cikin tayinsu, sai ka auna shi da sauran abin da suka kawo.

A Pensilbaniya yarjejeniyar ba ta wuce shekara ɗaya kuma ba ta sabunta kanta. Ni wata 3 zuwa 6 nake ba da shawara. A rubuta yadda za ka fita idan aiki bai gamsar ba. Karanta sakin da ke cewa idan wanda ya ga gidan ta hannunsa ya saya bayan wa'adi ya ƙare za ka biya la'ada. A taƙaita kwanakin, a kuma ba ka sunayen a rubuce. Jihar ta halatta dillali ɗaya ya wakilci ɓangarori biyu idan kowa ya yarda a rubuce. Ni ba na so, domin wanda ke tsakiya ba zai iya ja maka ciniki da dukan ƙarfinsa ba. Idan kuma ya ce yana da mai saye a hannu, ba sai an fita kasuwa ba, ka tuna farashi yana tashi ne idan mutum biyu suna son abu ɗaya.

Bayan an fita kasuwa

Ku yi alkawari tun farko cewa bayan kwana 14 za ku zauna. Idan mutane na zuwa amma ba tayi, akwai abin da suke gani, a tambayi dillalansu. Idan ba a ma zuwa, farashi ne. A yi ragi ɗaya mai ma'ana da zai sauke gidan zuwa wani rukunin bincike, ya fi a riƙa gutsurawa kaɗan-kaɗan.

Tayi idan ya zo, kada adadi kawai ya ɗauke ka. Duba takardar banki da ke nuna an tantance mai sayen, yawan kafin alƙalamin da ya ajiye, sharuɗɗan duba gida da na ƙiyasi, da ranar rufewa. Tayin da ya gaza da 5,000 amma ya karɓi rahoton rufi yadda yake yakan fi wanda ya ɗara shi da sharuɗɗa barkatai. Ka kuma kiyaye dokar gidaje ta 1968: ba a zaɓen mai saye ko ƙin sa saboda addini, launi ko asali, kuma dillalinka ba zai iya bin irin wannan umarni ba ko ka ba shi.

Ranar rufewa a ofishin kamfanin tantance mallaka ake yi. Bayanin asusun da za a tura maka kuɗi, kai shi da hannunka ko ka faɗa ta lambar wayar da ka riga ka sani, domin 'yan damfara na kutsawa cikin imel su sauya lambar asusu. Ka tafi da katin shaida da dukan makullai, har da na ƙofar baya da na ƙasa. Baba ya haɗa da wata jaka da ya zuba rahoton injiniya, rasit ɗin mai rufi, bidiyon bututu, da sunan birkilan da ya sake cike bulon da farar ƙasa, ya miƙa wa matashin da ya saya, ya ce masa ya riƙa share indararon baya kafin sanyi ya shigo.